Filin Tambayi Malam: "Ajina ya gagare ni, in ba bulala ba me zan yi?"

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Saƙonnin da suka shigo wannan karon kusan duk magana ɗaya suke, yadda malami zai riƙe aji da kuma batun horon ɗalibai, shi yasa na ga gara in haɗa su waje guda. Wasu na ɗan taƙaita su saboda fili, sunaye kuma na cire kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Salam Malam, dan Allah a taimaka min da shawara. Wata huɗu kenan da fara koyarwata, aji huɗu na firamare aka bani, yara saba'in da wani abu, wallahi kafin a tashi muryata ta dishe saboda ihu, da na juya baya zan yi rubutu a allo sai ajin ya kaure, wannan ya mintsini wancan, wancan ya ɗauke biron wannan, har kuka na taɓa yi a ofishin malamai. Ni kam na fara tunanin ko aikin nan ba nawa bane. Daga wata sabuwar malama.

AMSA: Wa alaikumus salam Malama. Kar ki ajiye aikin nan dan Allah, wata huɗu bai isa a yanke wa malami hukunci ba, kuma wanda bai damu da yaran ba ai baya kuka saboda su, albashinsa kawai yake jira. Riƙon aji sana'a ce da ake koya kamar kowace sana'a, ba wani kwarjini bane da ake haifar mutum dashi.

Ki fara da daina ihun. Na san zaki ce to in na daina waye zai ji ni, amma ki duba, muryarki ɗaya ce tasu saba'in, in dai gasar ɗaga murya ce sun cinye ki tun kafin a fara, kuma duk sanda kika ɗaga suma sai su ƙara ɗagawa don su ji junansu. Ki zaɓi alama guda, ko tafi uku su amsa da tafi uku, ko ki ɗaga hannu kowa ya ɗaga nashi ya rufe baki, ki koya musu ita kamar yadda zaki koyar da darasi, ku maimaita sau biyar sau goma, sannan ki riƙe doka ɗaya a ranki: ba zaki fara magana ba sai an yi shiru. Ranar farko zaki tsaya har ki ji kamar lokaci ne kike ɓatawa, kuma kwana biyu ukun farko abin zai iya ƙara lalacewa don suna gwada ki su ga ko da gaske kike. In kika daure zai kwanta.

Akwai wani malamin jami'a a Amurka, Jacob Kounin, da ya fitar da littafi a 1970 akan wannan matsalar taki sak. Abin da ya fara jawo hankalinsa, wata rana yana cikin lacca ya hango wani ɗalibi ya buɗe jarida yana karantawa, ya yi masa faɗa, sai ya ga har waɗanda ba ruwansu sun sha jinin jikinsu. Daga nan ya shiga bincike har ya kai ga sa kyamara a azuzuwan firamare yana ɗaukar bidiyo, yana so ya gano wane irin tsawatarwa ne ya fi aiki. Sai ya tarar malaman da ajinsu yake a natse da waɗanda nasu ya gagara, in dai yaro ya riga ya yi laifin, babu wani babban bambanci a yadda suke tsawatarwa. Bambancin yana can baya, kafin laifin ya faru. Masu ajin natsattse yaran sun yarda malamin yana ganin komai kamar mai ido a ƙeya, yana tare abu tun yana ƙarami, kuma baya kuskuren mai laifi, wato ba zai bar wanda ya fara tsokana ya kama wanda ya rama ba. Sannan darasinsu baya yankewa, ba a barin yara zaune ba aikin yi ana neman alli ko ana duba wane shafi aka tsaya.

Kinga wannan na ƙarshen shi ne inda nake zargin matsalarki take. Kin ce da kin juya baya ake kaurewa. To minti nawa kike yi a juye? In minti biyar kike rubutu yara saba'in suna kallon bayanki, ai dole su samar wa kansu aikin yi. Ba a fafe gora ranar tafiya, ki shigo da wuri ki rubuta abin da za a rubuta tun kafin su zauna, in kuma dole ne a tsakiyar darasi to ki tsaya a karkace, layi ɗaya ki waiwayo, kuma suma su kasance suna kwafa a lokacin.

Na yi aiki da wata malama shekarun baya, 'yar ƙaramar mace mai sanyin murya, ban taɓa jin sautinta daga ajin da ke maƙwabtaka ba. Na roƙe ta ta barni in zauna a baya in gani. A bakin ƙofa take tsayawa yara suna shiga tana kiran sunansu, a allo kuma tuni akwai tambaya uku masu sauƙi daga darasin jiya, kowa yana zama ya san abin da zai yi. Tana karanta musu labari tana zagawa tsakanin bencina, sai ga wani yaro yana harbin na gabansa da roba, wallahi bata ko dakata da karatun ba, ta taka a hankali ta je ta ɗora yatsu biyu akan teburinsa, ta ci gaba da karantawa a tsaye a wajen. Yaron ya tura robar aljihu ya jawo littafi. Rabin ajin basu ma san an yi wani abu ba. Da daga gaban aji ta daka masa tsawa, da kai saba'in sun juyo, an yi dariya, labarin ya yanke, sai ta yi minti uku kafin ta dawo dasu.

Sai sunaye. Ki zana taswirar ajin a takarda, kowa da wajen zamansa na dindindin, ki haddace cikin sati uku. "Kai mai surutu a baya" ba ta kama kowa, amma sunan yaro a hankali yana kama shi. Kuma ki riƙa faɗin abin kirki da kika gani da sunan mai shi, "layin taga sun buɗe shafi na goma, madalla", zaki ga sauran suna lalubar littafi.

TAMBAYA: Malam ni gaskiya ban yarda da wannan sabon salon ba. Shekarata goma sha biyu ina koyarwa a sakandare, bana makarantarmu ta hana duka gaba ɗaya, kuma tun daga nan yara suka raina mu, yaro zai kalli tsabar idonka yace ba zai yi ba don ya san ba abin da zaka iya. Mu da bulala aka horar damu kuma gashi mun zama mutane. Wannan ba kwaikwayon Turawa bane kawai? Daga wani malamin lissafi.

AMSA: Malam na gode da ka faɗi abin da ke ranka ba ɓoye-ɓoye, malamai da yawa haka suke ji sai dai basa faɗa. Kuma akwai inda nake tare da kai ɗari bisa ɗari: makarantar da ta karɓe bulala daga hannun malami bata bashi komai a madadinta ba, ta zalunce shi kuma ta zalunci yaran. Hana duka ba shi ne hana horo ba. Zan dawo kan wannan.

Amma maganar kwaikwayon Turawa, a nan muka rabu. Gaskiya ne ƙasashe da yawa sun hana da doka, Ingila ta hana a makarantun gwamnati da dokar 1986, Afirka ta Kudu a 1996, Kenya a 2001, Suwidin kuwa tun 1979 ta hana dukan yaro har a gida, sannan yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989, sashe na 28, ta ce horon makaranta ya zama wanda baya zubar da mutuncin yaro. To amma ɗaruruwan shekaru kafin duk wannan, Ibn Khaldun a Muƙaddimarsa da ya rubuta a 1377 ya ware fasali guda akan cewa tsanantawa ɗalibai cutar dasu ne. Abin da ya bayyana, wanda aka rena da ƙarfi da tursasawa zuciyarsa takan ƙuntata, kuzarinsa ya tafi, kasala ta shige shi, ya koyi ƙarya da yaudara yana nuna abin da ba shi ne a ransa ba don tsoron hannun da zai sauka a kansa, har abin ya zame masa ɗabi'a. A wajen ya kawo maganar Ibn Abi Zaid cewa in ma ta kama a yi dukan kar malami ya wuce bulala uku, ya kuma kawo wasiyyar Haruna Rashid ga malamin ɗansa Al-Amin, cewa ya riƙa amfanar da yaron ba tare da ya baƙanta masa ba don kar basirarsa ta mutu, kar kuma ya sake masa har ya saba da zaman banza, ya gyara shi da jawowa a jiki da lallashi, sai in ya ƙi sannan a tsananta. Ka ga magabata basu ce a bar yaro sakaka ba, amma sun ɗaure dukan da igiya gajera, sun ajiye shi can ƙarshe. Mu kuma a makarantu shi muka mayar gaisuwar safe. Kuma sama da duk wannan, Anas ɗan Malik yace shekara goma yana yi wa Annabi (SAW) hidima bai taɓa ce masa ko tir ba, Nana A'isha kuma tace bai taɓa dukan mace ko hadimi da hannunsa ba.

Bari in baka abin da ya faru dani, tunda kai ma lissafi kake koyarwa. A farkon aikina ina da doka, duk lissafin da ka faɗi bulala ɗaya. Akwai wani yaro a benci na biyu mai son lissafi, kullum hannunsa a sama, littafinsa kuwa kaca-kaca da goge-goge, ya gwada nan ya kashe ya gwada can, wani lokacin har takardar ta huje. Yana cin shida ko bakwai cikin goma, wato kullum yana shan uku ko huɗu. Bayan kamar sati shida sai na ga ya fara cin goma cif, littafin ya koma fes ba ko ɗigon gogewa, na ji daɗi nace bulala ta yi aiki. Hannun ne dai na lura ya daina tashi. Ranar jarabawa da na raba musu wajen zama yaron nan ya miƙo min takarda rabinta fari. Ashe kwafa ya koma yi a wajen na kusa dashi tun da safe kafin in shigo. Na karɓi yaro mai gwadawa yana kuskure, na mayar dashi mai kwafa, da hannuna. Har yau in na tuna hujajjen littafin nan sai raina ya ɓaci, kuma tun lokacin ban ƙara dukan yaro akan ya faɗi tambaya ba.

Masu bincike ma abin da suka gani kenan. A 2016 Elizabeth Gershoff da Andrew Grogan-Kaylor sun tattara binciken shekara kusan hamsin da ya shafi yara sama da 160,000, akan dukan da iyaye ke yi a gida ne, suka ga yana tafiya tare da ƙaruwar faɗa da taurin kai da damuwar zuciya. Bulala tana sayo maka shiru na yau, wannan ba musu, shi yasa muke sonta. Zancen mun zama mutane kuwa, Alhamdulillahi, amma ka tuna 'yan ajinku na firamare, nawa ne suka gudu basu dawo ba? Su ba a tambayarsu, don basa ofishin malamai.

To me zaka yi da yaron da yace ba zai yi ba? Na farko kar ka yi dambe dashi a gaban jama'a, saurayi ɗan shekara sha biyar in abokansa na kallo gara masa a kore shi da ya sunkuyar da kai. Ka matsa kusa ka faɗa masa a hankali, ga aikin, in baka yi yanzu ba zaka yi lokacin tara a gabana, sai ka juya ka ci gaba da darasinka ka bashi sarari ya sauko ba tare da an ga ya sauko ba. Da yawa sukan ɗauki biro bayan minti ɗaya. In bai ɗauka ba, to lokacin tara sai ya same ka ka cika alkawari, ko da kai ma hutunka zai tafi. Sirrin kenan, tabbacin hukunci ya fi zafinsa aiki. Hukunci ƙarami da yaro ya san ba makawa sai ya same shi, yau da gobe da jibi, ko waye ubansa, ya fi bulala goma da take zuwa sai ranar da ran malam ya ɓaci. Kar ka taɓa yin barazanar da ba zaka iya cikawa ba. Kuma hukuncin ya yi kama da laifin: wanda ya ɓata bango ya wanke, wanda ya ci lokacin darasi ya biya da lokacinsa, wanda ya ci mutuncin wani ya bashi haƙuri a inda ya ci mutuncin. Tsallen kwaɗo da kamun kunne da durƙuso a rana kuwa duk bulala ce aka canza mata riga, kar mu yaudari kanmu.

Sannan ku malamai ku haɗu ku je wajen shugaban makaranta, ku ce tunda an hana duka a rubuta mana matakai: gargaɗi, canjin wajen zama, tsarewa lokacin tara, kiran iyaye, dakatarwa, kuma wa ke da alhakin kowanne. Kowane malami ya bi iri ɗaya, don in Malam wane yana hukuntawa Malam wane yana kau da kai, yara sun gano ƙofa. Manyan laifuka irin su makami, ƙwaya, ko dukan malami, ba na cikin aji bane, na ofis ne a ranar.

TAMBAYA: Malam ya halatta malami ya ƙwace wayar ɗalibi a aji? Daga wani uba.

AMSA: In dokar makaranta ta hana shigowa da ita kuma an sanar da iyaye, eh, ya karɓa ya kai ofis a rubuta, uba ya zo ya karɓa. Ba a fasa ta, ba a buɗe ta ana karanta saƙonnin yaro, ba a tafiya da ita gida. Faransa tun 2018 ta hana ɗaliban firamare da ƙaramar sakandare amfani da waya a makaranta, kuma ni ina ganin sun yi daidai. Sai dai malamin da ke amsa kira a tsakiyar darasi shi ma ya gyara.

TAMBAYA: Ina sa monita ya rubuta sunan masu surutu in na fita, amma kullum sai rigima, ana cewa yana cire abokansa yana sa waɗanda baya shiri dasu, jiya har tare shi aka yi bayan an tashi. In canza monita ne? Daga malamar aji uku.

AMSA: Malama ko kin canza haka za a yi, aikin ne ba na yaro ba. Kin ɗauki ɗan shekara tara kin bashi ikon jawo wa 'yan uwansa hukunci, babba ma ya yaya ya ƙare da irin wannan balle yaro. Monita ya raba littattafai, ya goge allo, ya kira ki in wani abu ya faru, shikenan, kuma kar a taɓa bashi bulala.

Ga abin da zaki gwada a maimakon haka. A 1969 wasu masu bincike a jami'ar Kansas ta Amurka, Barrish da Saunders da Wolf, sun gwada wani wasa a aji huɗu da ya addabi malamarsa. An raba ajin gida biyu, an faɗi dokoki ƙarara, kamar ba tashi ba izini ba magana ba izini, duk wanda ya karya sai malama ta sa wa rukuninsa ɗigo a allo ta ci gaba da darasi ba faɗa. Rukunin da ɗigonsa ya fi kaɗan ya ci, in kuma duka biyun basu wuce adadin da aka yanka ba duka sun ci, ladan ma ba wani abu bane, irin su riga sauran fita ko 'yan mintunan wasa. Tashe-tashe da surutu suka ragu sosai. Daga baya an gwada shi a makarantun birnin Baltimore na Amurka a shekarun 1980 aka bi yaran har suka girma, aka ga raguwar shaye-shaye musamman a cikin mazan da suka fi rigima tun suna aji ɗaya. Ki fara da minti goma a rana, ki raba fitinannun kar su taru a rukuni ɗaya, in kuma wani ya mayar da jawo ɗigo abin wasa don a yi dariya, ki ware shi ya zama rukunin kansa. Amma ki lura, kina cikin ajin ake yin sa. Fitar ma a rage ta.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ɗana shekararsa tara, kullum sai an aiko min cewa baya jin magana, baya rubutu, sai tsokana, malaminsu ya mayar dashi bencin ƙarshe kuma a gaban yara yake kiransa daƙiƙi har 'yan ajin sun kama, yanzu da safe sai yace cikinsa ke ciwo don kar ya je. A gida kuma wallahi yaro ne mai hankali, in ka bashi labari sau ɗaya ya riƙe. Na yi dukan na yi faɗan ba canji. Daga wata uwa.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya shirya mana su. Ki ajiye dukan tukuna, ruwa baya tsami banza. Yaron da ke riƙe labari daga ji ɗaya amma baya rubutu, kafin a kira shi mara ji sai an duba abu biyu uku. Ki kai shi a gwada idonsa, a gwada kunnensa. Yau ɗin nan ma kina iya gwadawa, ki yi rubutu a takarda da girman rubutun allo ki tsaya nesa kamar daga gaban aji zuwa bencin ƙarshe kice ya karanta, ki lura ko yana ƙanƙance ido. Yaro baya sanin cewa baya gani, ɗauka yake kowa haka yake ganin allon dishi-dishi. In ido ne, kinga mayar dashi baya ƙara masa ciwo aka yi. Sannan ki zaunar dashi ya karanta miki littafin ajinsu a bayyane, in kika ga yana cije-cije yana haɗa baƙaƙe da ƙyar to karatun ne bai zauna ba, kuma yaro da yawa ya gwammace a ce masa fitinanne da a gane bai iya ba, tsokanar mayafi ce. Akwai kuma yaran da zama waje ɗaya da tattara hankali ke yi musu wuya fiye da sa'anninsu, wannan likitan yara ne zai tantance, ba ni ba ba malamin aji ba. Ki duba barcinsa, ki tabbata yana karyawa kafin ya fita.

Kalmar daƙiƙi kuwa dole a daina ta, ba sai an jira sakamakon asibiti ba. A 1968 Robert Rosenthal da Lenore Jacobson sun wallafa wani gwaji da suka yi a wata firamare a Kalifoniya, suka ba malamai sunayen wasu yara suka ce waɗannan za su yi fice bana, alhali da ka aka zaɓo sunayen. Ƙarshen shekara yaran nan, musamman 'yan aji ɗaya da biyu, sun fi sauran ci gaba. Masana sun yi ta muhawara akan girman tasirin, amma cewa zaton malami yana canza yadda yake mu'amala da yaro, wannan duk wanda ya riƙe alli ya sani. Mary Budd Rowe ma da ta auna a shekarun 1970 ta ga malamai kusan daƙiƙa ɗaya kacal suke jira bayan sun yi tambaya, kuma wanda suke ganin mai rauni ne shi suka fi saurin wucewa, alhali in aka jira daƙiƙa uku amsoshi sukan ƙara tsawo kuma waɗanda basa magana su fara. Wanda aka sa wa suna daƙiƙi ba a ma jiransa.

Ki je makarantar da kanki, in da hali tare da mahaifinsa, ba da faɗa ba kuma ba a gaban yara ba. Kice Malam na zo mu haɗa kai ne, ga abin da nake gani a gida, ina roƙon a dawo dashi gaba na wata ɗaya mu gani, kuma sunan nan yana hana shi barci. Malamai da yawa in aka zo musu ta haka sukan ji nauyi su gyara, shi ma wataƙila yawan yara ne ya sha kansa. In an yi sati biyu ba canji ki wuce wajen shugaban makaranta ki nemi a canza masa aji, haƙƙinki ne. Ciwon cikin safen nan kuma kar ki ce ƙarya yake, tsoro yana murɗa ciki da gaske.

TAMBAYA: Malam ni ɗaliba ce a aji biyar na sakandare. An sace kuɗin wata a ajinmu, malam yace tunda ba wanda ya faɗi ɓarawon duk sai mun yi durƙuso har firiyod biyu, da nace ni ban ma zo ba ranar sai ya zagi iyayena. Na kasa mantawa, yanzu ko darasinsa bana fahimta. Ni ce da laifi da na yi magana?

AMSA: 'Yata baki yi laifi ba da kika faɗi gaskiya, in dai cikin ladabi kika faɗa. Hukunta aji guda saboda mutum ɗaya zalunci ne, ɓarawon ma daɗi yake ji don ya ɓuya a cikin mutum hamsin, kuma zagin iyaye ba horo bane ko a wace makaranta. Abin da zan ƙara miki, malami in ransa ya ɓaci a gaban aji da wuya ya saurari kowa a lokacin, shi yasa irin wannan maganar ta fi shiga bayan an tashi. Ki samu malamar da kike sakewa da ita ko mai ba ɗalibai shawara in kuna da ita, ki faɗa mata komai yadda ya faru, rajistar aji tana nan zata nuna baki zo ba ranar. Ki sanar da iyayenki suma. Darasin kuma kar ki bari ya tafi saboda shi, jarabawar taki ce, ki karɓi littafin wata ƙawarki ki cike abin da ya wuce ki a satin nan, inda ya shige miki duhu ki tambayi wani malamin fannin. Ki sake rubuto min bayan kin ga malamar, ina so in ji yadda aka ƙare.